Tsafin Bazara: Kiɗan da Ya Ta da Husuma a Birnin Faris

 Zancenmu na yau zai kai mu nesa, har birnin Faris na ƙasar Faransa, amma daga bakin rijiyar Kusugu za mu ɗaura sirdi.

Babu ɗan Daura da bai san labarin rijiyar nan ba. An ce a zamanin Magajiya Daurama akwai wani maciji a cikinta, ana ce da shi Sarki, ba ya barin kowa ya ja ruwa sai ran Juma'a. Ana nan sai ga baƙo, Bayajidda, ya iso da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa, aka ce babu. Ya karɓi guga ya nufi rijiya, maciji ya taso, ya fille masa kai. Kullum in ana ba da labarin nan, hankalin yara wajen takobi ya ke tafiya. Ni kuwa yau so na ke ku tuna da mutanen garin kafin baƙon ya zo: kwana shida ana tattalin ruwan randa, ran na bakwai a tafi rijiya da fargaba. Gari guda ransa yana hannun abin da ya ke tsoro, ba kuwa wanda ya taɓa zaton akwai mafita. Ku riƙe wannan a zuci, domin shi ne mabuɗin kiɗan da zan ba ku labarinsa.

Masu aikin

Turawa suna da wata irin rawa da su ke kira bale. Wasan kwaikwayo ne, amma ba a magana a cikinsa, ba a waƙa. Jiki da kiɗa su ne ke ba da labari. Makaɗan su kan zauna a wani rami gaban dandali, kowa da takarda a gabansa, gama kiɗan nasu rubutacce ne, an ƙayyade wa kowane mutum abin da zai busa ko ya goga ko ya buga, da lokacin da zai yi. Mutum guda ya kan tsaya gabansu da 'yar sanda yana ba su ƙidaya, shi ne madugunsu. Wanda ya zauna ya tsara kiɗan kuwa daban ne, sau da yawa ma ba ya cikin masu bugawa.

Mai tsara kiɗan da mu ke zance a kai mutumin Rasha ne, Igor Sitrabinski, wanda Turawa ke rubuta sunansa Stravinsky. An haife shi a 1882 kusa da birnin San Fitasbag, ya rasu a birnin Niyok na Amurka a 1971. Ubansa mawaƙi ne a gidan wasan sarkin Rasha. An sa shi karatun shari'a, amma zuciyarsa tana ga kiɗa, har ya zama almajirin wani babban gwani, Rimsky-Korsakov. Wani ɗan ƙasarsu mai suna Diyagilef, wanda ke kai 'yan rawan Rasha Faris tun 1909, shi ya ɗauke shi aiki. Ya tsara masa kiɗan bale guda a 1910, wani kuma a 1911, duka biyu suka karɓu. Na uku shi ne wanda Faransawa ke kira Le Sacre du printemps, mu kuwa za mu ce da shi Tsafin Bazara. Yawancinsa a wani ɗan ƙaramin ɗaki ya rubuta shi a garin Clarens na ƙasar Suwizalan, daga 1911 zuwa farkon 1913. Wani mai zane, Nicholas Roerich, wanda ya ƙware wajen binciken al'adun mutanen da, shi ya taimake shi shirya labarin, ya kuma zana tufafi da labule. Mai tsara rawar kuwa Nijinski ne, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda a lokacin ba a da ɗan rawa kamarsa a Turai.

Labarin

Kalmar bazara a nan aro ce, sai mu yi bayani. A ƙasar Rasha sanyi ya kan yi watanni, ƙanƙara ta rufe ƙasa, koguna su daskare har a bi ta kansu da keken doki. Sa'an nan, cikin 'yan kwanaki kaɗan, sai ƙanƙarar koguna ta tsage da ƙara, ƙasa ta buɗe, tsiro ya fito. Abin da ya fi kusa da wannan a wurinmu shi ne ƙarshen bazara, sa'ad da zafi ya kai matuƙa, rumbu ya yi ƙasa, shamuwa ta iso, kowa ya ɗaga kai yana duban gabas. Wanda ya taɓa tsayawa a gona ran da hadarin fari ya taso, iska ta turnuƙe da ƙura, aradu ta tsaga, ya san cewa saukar damina ba abin wasa ba ne. Akwai murna a ciki, akwai kuma tsoro.

Wasan kashi biyu ne, duka bai wuce minti 35 ba. A kashi na fari, wata kabila ta zamanin jahiliyya ta taru a gindin tudu don girmama ƙasa. Samari da 'yan mata suna tattaka ƙasa, ana wasan sace amarya, ana zagaye, ƙungiyoyi biyu suna wasan gaba da juna. Sai a shigo da wani tsoho tukuf, mafi tsufa a cikinsu, ya durƙusa ya sumbaci ƙasa, jama'a kuwa su ɓarke da rawa. A kashi na biyu dare ya yi. 'Yan mata suna kewaye a hankali, har ƙaddara ta faɗa a kan ɗaya. A girmama ta, a kira kakanni, dattawa su kewaye ta, ita kuwa ta yi ta rawa har ranta ya fita, don ƙasa ta yarda ta ba da amfani.

Ku sani wannan ba tarihi ba ne. Sitrabinski ya ce a 1910 surar ta faɗo masa a rai, dattawa zaune a da'ira suna kallon yarinya tana rawar mutuwa. Amma tsoron da ke ƙarƙashin labarin na gaske ne, kakanninmu kuwa sun san shi fiye da mutanen Faris. A cikin shekarar nan ta 1913 da aka fara wasan, zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, damina ta ƙi a ƙasar Hausa, aka shiga yunwar da a ke kira Kakalaba, wadda ta kai har 1914, ta ci mutane masu yawa. Attajiran Faris sun biya kuɗi su kalli kwaikwayon mutanen da ke tsoron kada ƙasa ta hana su abinci, alhali a nan abin yana shirin aukuwa da gaske.

Daren husuma

Ran 29 ga watan Mayu 1913 aka fara nuna wasan, a wani sabon gidan wasa mai suna Théâtre des Champs-Élysées. Ranar Alhamis ce da dare, watau daren Juma'a, daren da makaɗan fada a ƙasar Hausa su kan taru ƙofar sarki su yi sara. Madugun makaɗa Pierre Monteux ne, yarinyar da ta yi rawar mutuwa kuwa Maria Piltz.

Mutanen da suka cika gidan sun saba da bale irin na da, inda mata ke tsayawa a kan 'yan yatsun ƙafa, da fararen tufafi, suna shawagi kamar balbela. A daren nan ma da irin wannan aka buɗe, da kiɗan Chopin mai taushi. Da aka ɗaga labule a karo na biyu, sai suka ga mutane cikin manyan riguna na ƙauye, sun juya yatsun ƙafa ciki, gwiwa a tanƙwashe, kai a karkace, suna tsalle suna dirowa da dukan tafin ƙafa, dim, dim, kamar masu daɓe. Tun kafin nan ma kiɗan ya fara sa waɗansu dariya. Sai ihu ya tashi, da fito, da zagi. Masu so suka taso wa masu ƙi, gida ya rikice, har 'yan rawa ba su jin makaɗa. Nijinski ya hau kujera a gefen dandali yana ƙwala musu ƙidaya. Sitrabinski ya tashi daga wurin zamansa cikin fushi ya koma bayan labule. Monteux kuwa bai ko waiwaya ba, ya ja makaɗansa har ƙarshe.

To, ga abin mamaki. A watan Afrilu 1914, shekara ba ta cika ba, Monteux ya sake buga kiɗan a Faris ɗin nan, ba tare da rawa ba. Da aka gama, jama'a suka ɗauki Sitrabinski a kafaɗa suka fita da shi titi suna yabo. Kiɗan bai sake ba ko da ɗigo guda. Kunnuwan ne suka sake.

Yadda za ku saurare shi

A da sai mai garmaho da faifai ke jin irin wannan. Yau kuwa ana samunsa a rediyo da wayar hannu. Ni kaina ran da na fara jinsa ban kai rabi ba na kashe, na ce wannan ai kasuwar maƙera ce. Sai a ji na uku na gane laifina ne: ina neman abin da ba a ajiye a wurin ba. Ina jiran rauji mai zaƙi wanda zan riƙa bi da murya, alhali mai kiɗan ya mai da rauji bara, ya naɗa bugu sarki. Ga wurare huɗu da na ke so ku kasa kunne a kansu.

Na fari, mabuɗin. Makaɗa kusan 100 ne zaune, amma mutum guda ne ke farawa, da wani dogon bututun itace da a ke kira basun. Asalin muryarsa kauri gare ta, kamar ta dattijo, amma Sitrabinski ya tilasta shi ya hau can ƙololuwa, sai muryar ta fito a matse, kamar algaita daga nesa da asuba. Sa'an nan sauran kayan busa su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa ɗan guntun kuka, ba mai jiran wani. In kun taɓa kwana kusa da fadama daren da aka yi ruwan fari, kun ji kwaɗi da gyare da tsuntsaye kowa yana nasa, amma duka abu guda su ke faɗi, to, kun riga kun san wannan wuri.

Na biyu, bayan kamar minti uku, sai masu goge su faɗa wa amo guda, su yi ta sararsa da izga kamar masu sussuka. Amon nan haɗi biyu ne aka ɗora wani bisa wani. Kowanne shi kaɗai mai daɗi ne, amma rabin taki ne kurum tsakaninsu, saboda haka suna gogayya, kamar masu algaita biyu da bututunsu ya saɓa kaɗan. Abin da ya fi wannan ta da hankali shi ne inda nauyin bugun ke faɗawa. Ku gwada da kanku, in malam ya ba da izini: ku bugi benci sau 32 daidai wa daida, amma ku ƙarfafa na 10, da na 12, da na 18, da na 21, da na 25, da na 30. A kan waɗannan shida ne masu ƙahon tagulla 8 ke sa baki. Za ku ga ƙafa ba ta samun inda za ta dogara; duk sa'ad da kuka ce ga shi nan zuwa, sai ya riga ku ko ya makara. Haka aradu ta ke, ba ta faɗa wa kowa lokacin da za ta faɗi.

Na uku, shigowar tsoho, kusa da ƙarshen kashi na fari. A nan ɗan Daura ya fi ɗan Faris gata. Ku tuna ranar hawan Sallar Gani, kuna tsaye kusa da ƙofar fada. Ga hakimi yana wucewa, makaɗansa suna buga takensa. Na bayansa ya matso, nasa makaɗan ba su yi shiru don na gaba ba. Can kuma ga tambura, ga kakaki ya ratsa bisa kansu duka. Take uku ko huɗu a lokaci guda, kowanne da tafiyarsa, amma ba wanda ya taɓa cewa hawan salla hayaniya ce, gama kunnenmu ya iya rarrabe su. Haka Sitrabinski ya yi a nan: manyan ƙahoni suna maimaita abu guda, babbar ganga tana tata ƙidaya, farantin tagulla yana tasa, an jibga su bisa juna har su cika kunne. Sai kwaram, a yi tsit. Tsoho ya sumbaci ƙasa cikin wani amo siriri kamar numfashi. Shirun nan ya fi duk ƙarar da ta gabace shi ban tsoro.

Na huɗu, a kashi na biyu. Bayan kewayen 'yan mata mai sanyi, sai ganguna da goge su yi dukan bai ɗaya sau 11, ba rauji, ba ado. Ku ƙidaya su. Wannan shi ne yanke hukunci. Daga ƙarshe kuma sai rawar yarinyar, inda ƙidaya ke sakewa kusan kowane taki, uku, biyu, uku, biyar, har mai sauraro ya rasa inda zai sa numfashi. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. To, yaya mai rawa za ta yi in kiɗan yana sakewa kowane taki? Sai ta yi ta binsa har ta faɗi. Ma'anar wasan ke nan, an kuwa saka ta cikin ƙidayar kanta.

Inda kunnenmu zai taimake mu, da inda zai yaudare mu

Abu uku da suka ba mutanen Faris wuya, mu a wurinmu abincin yau da gobe ne. Mun saba ganga ta yi jagora. Mun saba da ɗan gajeren rauji da a ke maimaitawa ba gajiya, kamar amshin 'yan amshi. Mun kuma saba da kaɗe-kaɗe iri iri a lokaci guda, kamar kalangu da kuntukunsa. Saboda haka kada wani ya ce muku wannan kiɗa ya fi ƙarfin kunnenku.

Amma kada mu yi wa rogo kallon kitse. Akwai masu cewa Tsafin Bazara ya yi kama da kiɗan Afirka domin duka biyu na daji ne, ba tsari. Mai faɗin haka bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ku saurari kalangun Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a nan Daura. Makaɗansa su kan kafa zagaye guda, su riƙe shi daram, ko waƙar za ta yi rabin sa'a. A kan wannan turke ne shi ke sakin magana yadda ya ga dama. Haka gangar noma ta ke a wurin gayya: an yi ta ne don fartanya ashirin su sauka tare. Kiɗanmu alkawari ne tsakanin makaɗi da mai rawa, cewa inda ka sa ƙafa ɗazu, nan za ka same ni in ka komo. Sitrabinski kuwa da gangan ya ke karya alkawarin nan. Har wa yau gangarmu tana magana; kalangu da kotso da taushi suna faɗin take da kirari, wanda ya san harshe ya ji sunan wanda a ke kira. Gangunan Sitrabinski ba su kiran sunan kowa. Yarinyar ma ba ta da suna.

Hukunci

Wani zai ce, in kiɗa bai yi daɗi ba, mene ne amfaninsa? Tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce, ba kowane kiɗa a ke yi don daɗi ba. Kugen yaƙi ba don daɗi a ke buga shi ba, haka gangar da ke shelar gobara. Abin da ya kamata a tambayi kowane aiki shi ne, me ya nufa, ya kuwa cim masa? Sitrabinski ya nufi ya sa mai sauraro ya ji a jikinsa ƙarfin ƙasa sa'ad da ta ke farkawa, da tsoron jama'ar da ransu ke hannunta. A ganina ya cim ma wannan sarai. Da ya yi shi da zaƙi, da ya yi ƙarya.

Duk da haka ina da magana biyu a kansa. Ƙaramar ita ce rufewar. Bayan duk wannan gini, sai a ji sarewa ta zura sama, sa'an nan dukan ƙarshe guda, tim. Ga kunnena dukan nan bai kai nauyin abin da ya gabace shi ba, kamar an gina soro an rufe shi da asabari. Shi mai kiɗan ma daga baya ya nuna bai gamsu da shi ba.

Babbar kuwa ita ce ta mai da mu Kusugu. A labarinmu, jama'a suna cikin tsoro, sai baƙo ya zo ya ƙi yarda da abin da kowa ya yarda da shi, ya kashe tsoron, ruwa ya zama na kowa kullum. A labarin Annabi Ibrahim, wanda 'yan makarantar gwamnati da na mishan duka suka sani, wuƙa ta kusa sauka, sai Allah ya fanshi yaron da rago. A Tsafin Bazara ba baƙo, ba rago. Ba uwa da ta yi kuka, ba saurayin da ya ce a dakata. Na saurara da kyau ina neman wuri guda inda kiɗan ya tausaya wa yarinyar, ban samu ba. Ko sanyin da ke farkon kashi na biyu na dare ne, ba nata ba ne. Kiɗan yana bayan taro, yana kuwa da ƙarfin da zai ja mai sauraro ya shiga taron, har ya iske kansa yana kaɗa kai ana kashe mutum. Waɗansu masana suna ganin wannan aibi ne babba. Waɗansu kuma suna cewa madubi ne, su kan tuna mana cewa wata 14 bayan daren nan Turai ta faɗa yaƙin 1914, inda dattawa suka zauna suka tura miliyoyin samari ga mutuwa don ƙasa.

Ni ina ganin duka biyu suna da gaskiya, shi ya sa ban ce ku guje shi ba, ban kuma ce ku sallama masa ba. Ku saurare shi da kunne biyu, ɗaya ga gwaninta, ɗaya ga yarinyar. Tausayin da mai kiɗa bai sa ba, ku ne za ku zo da shi. In kun tashi daga sauraro kuna tambayar kanku wace ce a garinku a ke sa wa ido ana shiru don kowa ya saba, ko yarinyar da aka cire daga aji ba da sonta ba, ko almajirin da ke kwana a kan titi, to, kiɗan ya yi aikin da ya fi na daɗi.

Abin da ya biyo baya

Rawar Nijinski ba a yi ta ko sau 10 ba, a Faris da Landan. Kafin 1913 ta ƙare Diyagilef ya sallame shi, daga baya ciwon taɓin hankali ya kama shi, ya rasu a Landan a 1950. Rawar ta ɓace, sai a 1987 waɗansu masu bincike biyu, Millicent Hodson da Kenneth Archer, suka harhaɗa ta daga zane-zane da rubuce-rubuce da tunanin tsofaffin da suka gani, aka sake nuna ta a Amurka. Kiɗan kuwa bai taɓa ɓacewa ba. A 1940 Walt Disney ya sa shi cikin majiginsa mai suna Fantasia. A 1977, da Amurkawa suka harba kumbo biyu masu suna Voyager zuwa can bayan taurarin da ke kewaya rana, suka liƙa musu faifai mai ɗauke da muryoyi da kaɗe-kaɗen 'yan Adam, rawar yarinyar nan tana ciki.

A 1975 wata Bajamushiya, Pina Bausch, ta tsara masa sabuwar rawa a garin Wuppertal. Ta sa aka zuba ƙasa a dandali, 'yan rawa suna yi suna gumi, ƙasa tana manne musu. Ita ta mai da hankali ga abin da Sitrabinski ya bari: tsoron 'yan matan, kowace tana miƙa wa 'yar'uwarta jar rigar da za a sa wa wadda aka zaɓa. Wannan rawa ce aka koya wa 'yan rawa fiye da 30 daga ƙasashen Afirka fiye da 10, har da Nijeriya, a makarantar École des Sables ta Germaine Acogny da ke Toubab Dialaw a ƙasar Sanigal. Annobar korona ta hana su fita a 2020, sai suka yi ta a kan rairayin bakin teku aka ɗauki hotonsu. Daga 2021 suka shiga kai ta manyan biranen duniya. Ashe kiɗan da ya gagari ƙafafun Faris bai gagari na Afirka ba.

Gargaɗi na ƙarshe

Saura abu guda, shi ne kuwa ya fi damuna. Raujin nan na mabuɗi, wanda basun ke busawa, ba Sitrabinski ya ƙage shi ba. Waƙar ƙauye ce ta mutanen Lituweniya, ya same ta cikin wani littafi da wani limamin kirista ya tattara waƙoƙin talakawa a ciki. Masu bincike sun gano waɗansu raujiyoyin ma daga can ya ɗebo su, ya yanka, ya karkata, ya mai da su nasa. Watau aikin da a ke lissafawa cikin mafiya girma na ƙarni na 20, da waƙar manoma ya fara. A ƙasarmu ma Fela Sowande ya bi wannan hanya, ya ɗauki raujiyoyin Afirka ta Yamma ya tsara wa gogen Turawa a 1944.

Ina jin takaici in na ga ɗan makaranta ya koyi baƙaƙe kaɗan, sai ya riƙa jin kunyar waƙar daka ta uwarsa, da gaɗar ƙannensa mata a dandali, da shantu, da gangar noma, yana cewa kayan ƙauye ne. Da tsohuwar zuma a ke magani. Da limamin nan bai zauna ya rubuta waƙoƙin ƙauyensu ba, da basun bai sami abin busawa ba. Wa zai rubuta namu? Tsofaffin da suka san taken kowace sarauta ta Daura, da abin da tambari ke faɗi, da waƙoƙin niƙa da na raino, ba za su dawwama ba. In hutu ya zo, ku ɗauki littafi da alkalami, ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku ce, Baba, a koya mini. Inna, a sake rera mini. Ku rubuta kalmomin, ku ƙidaya bugun kamar yadda muka ƙidaya na Sitrabinski, ku rubuta sunan garin da ranar.

Sa'an nan ku komo ku saurari Tsafin Bazara sau uku kafin ku yanke masa hukunci. Wanda ya ga saɓanin abin da na faɗa, ya rubuto wa wannan fili, ya kawo hujjarsa, za mu yi murna da ita. Allah ya ba mu kunnen ji da zuciyar tausayi, ya ba mu damina mai albarka, amin.